Injin Wanki Mai Ƙofa a Gaba: Wuyar da Aka Sha Kafin Ya Natsu

A 1937 wani kamfani mai suna Bendix Home Appliances, da ke garin South Bend a jihar Indiyana ta Amurka, ya fito da wani farin akwatin ƙarfe mai zagayayyar ƙofar gilashi a gabansa. Uwargida ta zuba kaya, ta zuba garin sabulu, ta murɗa makunni, ta kama gabanta. Shi zai ja ruwansa daga famfo, ya wanke, ya zubar, ya ɗauraye, ya matse, sannan ya kashe kansa. Kuɗinsa ya kusa dala 250, a lokacin da sabuwar ƙaramar mota ba ta kai dala dubu ba, don haka sai gidan wane da wane. Ga shi kuma da mugun hali guda: dole a kafe shi da daɓen ɗaki da manyan kusoshi. In aka bar shi sake, da zarar ya shiga matsa sai ya kama tsalle yana ja da baya, ya tsinke bututun ruwa, ya yi wa ɗaki ambaliya.

Wannan akwati shi ne kakan duk wani injin wanki mai ƙofa a gaba da ke kantunan Kano, Yamai ko Kumasi a yau. Kusan kowane ƙarfe da kowace roba da ke jikin na zamani an ƙara su ne bayan wani ya ji ciwo, ko gida ya cika da ruwa, ko kaya sun lalace.

Kafin a gane dalilin da ya sa mutane suka yarda suka huda daɓensu saboda inji, sai an san irin baƙar wahalar da yake ɗauke musu. A Amurka da Ingila na ƙarni na 19, Litinin ce ranar wanki, kuma babu ranar da mata suka tsana kamarta. Wanki ɗaya, da tafasa ɗaya, da ɗauraya ɗaya na cin ruwa wajen lita 190, wato jarka mai lita 25 kusan takwas. Duk sai an ɗebo daga rijiya ko rafi, a ɗora a wuta, a sauke, a cuɗa a kan allon wanki mai gargada, sannan a kwashe a zubar. Sabulun kuma na toka da kitse ne, mai cin hannu. Duk macen da ta sami ɗan rufin asiri, abin da take fara saye shi ne hannun wata ta yi mata wanki.

Hukumomi ba su waiwayi lamarin ba sai da annoba ta tilasta musu. Lokacin da kwalara ta afka wa Libaful a 1832, wata mata talaka mai suna Kitty Wilkinson, wadda ita ce mai tukunyar tafasa ruwa a layinsu, ta buɗe wa maƙwabta ƙofa suna zuwa tafasa zannuwan gadon marasa lafiya. Shekara goma bayan haka, a 1842, birnin ya gina gidan wanki da wanka na jama'a. Faransa ta yi doka a 1851 ta ware kuɗi don taimaka wa garuruwa su gina wuraren wanki, kuma har gobe ana ganin kufansu a ƙauyukan ƙasar: kwatami mai rufi, da gefe mai gangare na dutse inda mata ke durƙusawa da ƙaramin allon bugu. A Atlanta kuwa, a 1881, baƙaƙen mata masu wankin gidajen fararen fata suka yi yajin aiki, yawansu ya kai kusan 3,000 cikin 'yan makonni, suna neman a yi musu farashi ɗaya mai mutunci. Garin ya gane kurensa da kayan datti suka taru.

Masu ƙirƙira sun daɗe suna zagaye matsalar. Wani limamin coci a Regensburg ta Jamus, Jacob Christian Schäffer, wanda ya fi shahara da nazarin ƙwari da naman kaza, ya wallafa zanen injin wanki na katako a 1767. A Amurka James King ya yi rajistar mai ganga a 1851, Hamilton Smith ya biyo da mai juyawa a 1858. Dukkansu da hannu ake juya su, don haka abin da suka yi kawai shi ne mayar da ciwon daga yatsu zuwa kafaɗa.

Wutar lantarki ce ta kawo sauƙi, ita ce kuma ta zo da jini. Wajen 1908 kamfanin Hurley na Shikago ya fara sayar da inji mai suna Thor. Irin injinan wancan zamani, motar da ke juya su tana zaune ne a fili a ƙarƙashin baho mai ɗiga, bel da haƙoran ƙarfe duk a waje. Mace na tsaye a kan jiƙaƙƙen daɓe, hannunta a ruwa, wuta na gudu a kusa da ƙafarta. Amma abin da ya fi kowane ta'adi shi ne abin matsewa da ke saman bahon: sanduna biyu masu rufin roba da ke juyawa suna haɗiye tufa, ruwa na tsiyaya ta baya. Da can da hannu ake murɗa su, in yatsa ya shiga sai a tsaya. Da aka haɗa su da mota, suka daina tsayawa. Sukan kama yatsa su ja hannu har gwiwa, wani lokaci har hammata, suna murzar fata a wuri guda. Gashin kai da bakin hannun riga ma ba su tsira ba. Yawancin waɗanda abin ya rutsa da su yara ne masu son taya uwa miƙa kaya, har likitocin tiyata a Amurka suka ware wa wannan rauni suna nasa na kansa. Daga baya aka sa sandar da ake bugawa ta saki matsin, amma wanda hannunsa na dama ke ciki ba kullum yake tuna ta ba. Duk da haka injin yana da arha kuma ba ya jin wahala, shi ya sa kamfanin Maytag bai daina ƙera irinsa ba sai 1983.

Babbar gudummawar Bendix ke nan: ya raba hannun mutum da matsa baki ɗaya. Maimakon sanduna, gangar da ta yi wankin ita ce za ta wulwula da gudu, ruwa ya fice ta ƙananan hudojin jikinta, ƙofa a rufe.

Dabarar wankin nasa kuwa tsohuwa ce tukuf. Gangar a kwance take. A cikinta akwai haƙarƙari uku da ke ɗaga kaya zuwa sama su sako su, su faɗo tim a cikin ɗan ruwan da ke ƙasa, a sake ɗagawa. Duk wanda ya taɓa ganin mai wanki a bakin rafi yana ɗaga jiƙaƙƙen zane yana maka shi a kan dutse ya ga aikin injin nan. Daga nan ake gane dokoki biyu da masu sabon inji ke yawan karyawa. Ta farko, in aka danƙare ganga da kaya babu sararin faɗowa, sai su yi ta zagaye a dunƙule su fito da dattinsu. Ana so tafin hannu ya iya shiga a tsaye tsakanin kaya da saman ganga. Ta biyu ita ce kumfa. Mu nan an saba auna kyan omo da tashin kumfarsa, kuma matar da ta leƙa gilashi ba ta ga fari fat ba sai ta ƙara ludayi. Alhali kumfa katifa ce ga kayan da ake so su bugu: tana tare faɗuwar, tana hana ɗauraya fita, in ta yi yawa ta tumbatso ta aljihun sabulu. Saboda haka ne kamfanoni ke yin garin inji daban, marar tashi.

Abin mamaki, ƙasar da ta haifi injin ita ce ta fara juya masa baya. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da ƙera injinan wanki a Amurka, masana'antu suka koma kayan yaƙi. Da aka dawo, Amurkawa suka fi karkata ga mai murfi a sama, mai sanda a tsakiya da ke kaɗa kaya cikin ruwa tsundum, tsarin da Maytag ya yaɗa tun 1922. Suna da fili, suna da ruwa, makamashi kuma araha. Turai ba ta da irin wannan yalwa. Ɗakin girki ƙarami ne, ana son injin da zai shige ƙarƙashin kanta a yi amfani da samansa. Jamusawa kuma sun saba dafa fararen kaya, don haka suna buƙatar injin da zai zafafa ruwansa da kansa har kusa da tafasa, kuma zafafa ruwa kaɗan ya fi sauƙin kuɗi. A 1951 aka nuna injin Constructa a Hanoba, na farko mai sarrafa kansa da Jamus ta ƙera, da ƙofarsa ta gilashi. A shekarun 1960 kamfanonin Italiya irin su Candy, Zanussi da Indesit suka karya farashi, injin ya shiga gidan ma'aikaci. Na yau yana gama wanki da ruwa lita 50 zuwa 60, jarka biyu da ɗoriya, inda tsohon mai murfi a sama ke haura lita 100 nesa ba kusa ba.

Tsallen fa? An yi maganinsa da abu uku. An rataye gangar da sifirin daga sama, an tokare ta da abin shanye girgiza daga ƙasa irin na mota, sannan aka ɗaura mata tubalan kankare, galibi wajen kilo 25. Shi ya sa ƙarti biyu ke nishi kafin su sauke shi daga a-kori-kura. Tun da gangar a rataye take, masana'anta kan ɗaure ta da dogayen kusoshi uku ko huɗu ta baya don kada ta fasa jikin injin a hanya. Wanda ya manta bai kwance su ba, ranar farko injinsa zai koma halin kakansa na 1937, ya yi ta hauka a tsakar ɗaki, wataƙila ma ya lalata kansa. Haka in ƙafafunsa huɗu ba su zauna daidai ba. Ganga mai juyi 1,000 zuwa 1,400 a minti ɗaya ba ta yafe karkata, kuma bargo ɗaya tak da ya jiƙe ya taru a gefe guda ya isa ya tayar da hankalinta.

Sai ƙofa, wadda ita ce alherin injin, ita ce kuma inda sauran haɗarinsa ya taru. Tana gefe, ruwa na bayanta, don haka ba a isa a bar ta ta buɗu ana cikin aiki ba. Aka sa mata makullin lantarki da ke riƙewa muddin ganga na motsi, kuma a yawancin injina sai an jira minti ɗaya ko biyu bayan an gama kafin ya saki. Masu gaggawa sun karya hannun ƙofa ba adadi a cikin wannan ɗan jira. Makullin kansa ya taɓa zama bala'i: a Disamban 2019 kamfanin Whirlpool ya yi kiran a dawo da injinan Hotpoint da Indesit kimanin rabin miliyan a Birtaniya, saboda makullin ƙofarsu na iya yin zafi har ya kama wuta. Tun daga lokacin ma'aikatan kashe gobara suka ƙara nanata abin da suka daɗe suna faɗa, cewa kada a kunna inji a kwanta barci ko a kulle gida a fita.

Akwai kuma wani tsaka mai wuya da har yau injiniyoyi ba su warware ba. Robar da ke bakin ƙofa tana da lanƙwasa inda ruwa da ragowar sabulu ke kwanciya. In aka rufe ƙofa bayan wanki, cikin 'yan makonni funfuna ta yi baƙi a wurin, kaya su riƙa fitowa da warin rima. Da Amurka ta koma wa injin a ƙarshen shekarun 1990, wannan wari ya kai manyan kamfanoni kotu, masu saye suka haɗu suka yi ƙara, aka shafe shekaru ana shari'a. Maganin dai ba ya wuce a goge robar, a bar ƙofa da aljihun sabulu a buɗe su sha iska, a riƙa yin wankin ruwan zafi babu kaya lokaci-lokaci. To amma ƙofa buɗe, a daidai tsayin yaro mai rarrafe, zagayayya kamar an yi ta don ɓuya, gayyata ce. An yi asarar yara a ƙasashe da dama ta wannan hanya, yawanci wajen wasan ɓuya, don ba a iya buɗe ta daga ciki. Kyanwa ma na son ɗumin wurin. Maɓallin kulle na yara da ke jikin inji, a da yawansu, maɓallai kawai yake hana taɓawa. Abin da ya rage wa mai gida shi ne ya kulle ɗakin da injin yake, ya kuma leƙa ganga kafin ya kunna. Ƙullin sabulun ruwa mai launi, wanda ya bazu a Amurka daga 2012, ya ƙara wata damuwar: yara na ɗaukarsa alewa, har aka koma sa masa ɗaci a jiki da murfi mai wuyar buɗewa.

Da injin ya karɓi wanki, sai ilimin da ke hannun mai wanki ya zama dole a rubuta shi a jikin tufa. A 1963 aka kafa ƙungiyar Ginetex a Paris, wadda ta tsara alamomin nan da ke kan ɗan ƙyallen wuyan riga: baho mai lamba na nuna iyakar zafin ruwa, baho mai hannu na nufin a wanke da hannu, mai kusurwa uku na bilic ne, mai kusurwa huɗu na busarwa, dutsen guga mai ɗigo ɗaya zuwa uku na nuna zafinsa, da'ira kuma ta masu wankin sinadari ce.

Matsalar ita ce telan Kasuwar Kwari ko na Wambai ba ya ɗinka wannan ƙyalle. Tufafin ƙasar Hausa suna da nasu tarihin kulawa, wanda ya girmi injin da ɗaruruwan shekaru. Ana wanki da sabulun gida na ruwan toka da mai, amma darajar riga ba a wanki take ƙarewa ba, a mabuga take. Lokacin da matafiyin nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, shekarar da King ke rajistar gangarsa, ya tarar da birnin da ke saƙa da rini yana tura tufafi har Timbuktu da Tarabulus. Ƙyallin rigar kore da rawani ɗan Kura daga bugu yake fitowa: a shimfiɗa tufa a kan gungume, a barbaɗa shuni, ƙarti su yi ta saukar da tabaren bugu har ta ɗauki walƙiya. Irin wannan tufa ruwa abokin gabarta ne. Dutsen guga na gawayi, da bula, da sitaci na kanti sun zo daga baya, omo kuma ya shiga gidaje daga shekarun 1960, suka haɗu suka zama jarin mai wanki da guga na bakin layi. Bugu bai mutu ba. Har yanzu a kusa da marinar Ƙofar Mata ana jin amonsa, sai dai yawancin abin da ake bugawa yau shadda ce, ciki har da gezna da ake saƙawa a Bludenz ta ƙasar Ostiriya. Ƙyallinta a saman zare yake, an danne shi da matsi a masana'anta. Wanda ya jefa sabuwar gezna a inji da ruwan zafi da matsa mai gudu, zai ciro ta dusashe, da karaya a jiki wadda guga ba ta gogewa, aikin wuyan kuma ya tattare. Atamfa mai zuba ita ma ba ta shiga da fararen kaya, don a ganga ruwa ɗaya kowa ke sha.

Ban da tufa, gidan kansa sai ya cancanta. Injin mai ƙofa a gaba an ƙera shi ne don gidan da famfo ke zuwa da ƙarfi, wuta kuma ba ta ƙiftawa. Abin zafafa ruwansa kaɗai na jan wuta wajen wat 2,000, ƙaramin janareta ba ya ɗauka. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar wanki, kaya na nan a kulle cikin ruwa, kuma wanda ya yi nasarar buɗe ƙofa kafin ya tsiyaye ruwan ta ƙaramar ƙofar da ke ƙasa zai yi kwasar ruwa da tsumma. Hawa da saukar wuta na ƙona allon kwamfutar da ke ciki, shi ya sa masu gyara ke cewa a haɗa da sitabilaiza. Gidaje da yawa kuma ba a ja musu wayar nan ta uku da ake binnewa a ƙasa ba, don haka jikin injin kan ɗan ja mutum. Wanda ya ji haka, yana tsaye ba takalmi a jiƙaƙƙen siminti, ya koma 1908 bai sani ba, kuma mai gyaran wuta ya kamata ya kira kafin wanki na gaba. Waɗannan dalilai ne suka sa inji mai baho biyu, wanda ake cika shi da bokiti a kuma buɗe shi duk lokacin da aka ga dama, ya riga shi shiga gidajen talakawa. Lissafin da Hans Rosling, likitan nan ɗan Suwidin, ya yi a 2010 ya nuna cewa cikin mutum biliyan bakwai na duniya, kusan biliyan biyu ne kawai ke da injin wanki.

Akwai tambayar da babu littafin kamfani da ya amsa ta, ita ce ta tsarki. A mazhabar Malikiyya ruwan da ke gusar da hukuncin najasa shi ne wanda launinsa, ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita ba, ruwan omo kuwa ya jirkita. Don haka ido na kan ɗaurayar ƙarshe, kuma mata da yawa sun zaɓi hanya mafi kwanciyar hankali: kayan fitsarin yara a fara zuba musu ruwa a waje, najasar ta tafi, sannan su shiga ganga. Kayan makanike da na mai sayar da fetur a galan su ma ba su da wurin zama a ciki sai sun sha iska an wanke su da hannu, domin tururin mai a rufaffiyar ganga mai lantarki gobara yake jira.

Saboda haka injin bai kori mai wanki ba, shagonsa ya shiga. A gidajen wanki na zamani a Kano, Kaduna ko Maraɗi, zannuwan gado, tawul, labule da yadin yau da kullum su ke zagaye a bayan gilashi. Shadda da babbar riga mai aiki suna baho, a hannun wanda ya san yawan sitacin da kowane maigida ke so, kuma dutsen gawayi na ajiye a lungu don ranar da babu wuta. Aikin farko na yaron shago shi ne lalube aljihu, abin da inji bai taɓa koya ba. Ɓarin goro ɗaya da aka manta a aljihun farar riga ya isa ya yi wa kaya goma tambari, tsinken sakace da fil ɗin ɗankwali kuma can suke taruwa a matatar da ke ƙasan injin, su toshe famfon zubar da ruwa. Masu gyara sun ce kafin a kira su a kan inji ya ƙi zubar da ruwa, a fara shimfiɗa tsumma, a tara faranti, a murɗe murfin matatar a duba.